Ranar da Bi Somoe Ta Tambayi Bango

Kowa a Lamu, can bakin tekun Kenya, ya san bakin Bi Somoe mai mahamri, irin fanken da suke kwaɓawa da ruwan kwakwa. In akuya ta haihu a unguwar Mkomani da hantsi, kafin azahar matan Langoni sun ji launin 'ya'yan daga bakinta, har da bunsurun da ake zargi. Saboda haka da labari ya bazu cewa masu talabijin daga Nairobi sun ɗauke ta cikin shirinsu, za su kai ta wani tsibiri su rufe, ba waya ba rediyo, matan da ke sayen mahamri a gaban kaskonta suka yi dariya har da riƙe ciki. Suka ce ba za ta yi sati ba za a dawo da ita a kumbure, labari ya cika mata ciki ta rasa inda za ta juye.

Shirin kuwa ga yadda yake. Akwai wani kangon gari a wani ɗan tsibiri can arewa, wanda mutanensa suka watse tun da daɗewa. Aka gyara gidaje biyu na dutsen teku da ɗan masallaci, aka zuba mutane a ciki su yi irin zaman da kakannin kakanninsu suka yi. Ruwa daga rijiya, wuta da ƙyastu, niƙa a dutse, mata da baƙin zane ba takalmi. Babu agogo, inuwar bangon masallaci ce ke faɗin lokacin salla. Duk wanda ya kai ƙarshe bai taka doka ba, kamfanin da ya ɗauki nauyin shirin zai biya masa kujerar Makka.

Wannan kujera ita ta kai Somoe. Mijinta, marigayi Bwana Madi, ya yi ta ce mata baɗi, baɗi, har aikin teku ya gama da ƙirjinsa ya tafi bai kai ta ko Mombasa ba. Shekara da shekaru tana raka alhazai bakin jirgi, ta riƙe musu jaka, ta ba su saƙon addu'a, ta dawo ta hura wuta. Gwiwoyinta sun fara magana in za ta tashi daga sujada. Ta san in ba wannan karon ba, sai dai a ba ta labari.

Dokokin suna da yawa, amma babba ɗaya ce. Shugabar shirin, Madam Nekesa, wata doguwar mace mai fara'a da ba ta ɗaga murya, ta tara su a bakin ruwa ranar farko ta nuna masu kyamara.

“Waɗannan ba mutane ba ne,” in ji ta. “Bango ne. A zamanin da kuke ciki ba a haife su ba. Wanda ya yi wa bango magana, jirgin da ya kawo mu da safe shi zai mayar da shi gida.”

Ba wasa take ba. Wani malamin makaranta, mutum mai natsuwa, ya daure ya daure, wata rana ya matsa kusa da mai kyamara ya tambaye shi cikin raɗa ko wace ƙungiya ce ta ci ƙwallo. Kafin la'asar yana cikin jirgi da jakarsa a cinya, kuma ba a ma gaya masa wanda ya ci ba.

Somoe ba ta yi wa bango magana ba. Amma ba wanda ya hana ta kallonsa. Ta san bangon da ya yi faɗa da matarsa, don ya zo da riga ba guga. Ta san bangon da ke son bangon da ke riƙe da sandar makirfo. Duk abin da ta tsinta sai ta kai madafa ta juye wa Bi Esha, tana kankare kwakwa tana raɗa, ta manta da ɗan makirfon da ke maƙale a cikin zanenta. Sai ka ga bango ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

Bi Esha kuwa tun suna makarantar allo suke cizon juna ita da Somoe. Ta girmi Somoe da kaɗan, mijinta maƙerin zinariya ne kafin ya rasu, kuma har yau tana tafiya kamar awarwaron na hannunta. Ƙaddara ta haɗa su murhu ɗaya. Limamin gidan shi ne Mzee Shee, tsohon malamin islamiyya da ya koyar da rabin Lamu karatu, shi ma bai taɓa ganin Ka'aba ba sai a jikin kalanda.

Azumi ya same su a can. Da idonsu suka ga jinjirin watan, siriri a kan itatuwan bakin teku, maza suka buga ganga, mata suka rangaɗa guɗa. Somoe ta yi azumi da yawa a duniya, amma ba ta taɓa yin mai daɗin wannan ba. Babu ƙarar janareto, babu mai bin ta da ciniki. Da yamma dabino da ruwan rijiya, da wake a ruwan kwakwa, da kifin da maza suka kamo. Sai ta riƙa tuna kakarta, yadda take zama a kan tabarma tana jan carbi da 'ya'yan dabino. Wani lokacin har ta manta wasa ake yi. Wani lokacin kuma ta ɗago daga ruku'u ta ga baƙin idon kyamara a kanta.

Ta taɓa tambayar Mzee Shee, “Mzee, wannan sallar da ake ɗauka a hoto, tamu ce ko tasu?”

Ya ce, “Bi Somoe, Allah ya riga kyamara gani. Ki yi don wanda ya riga.”

Wannan amsa ta zauna mata.

Ranar ashirin da tara ga wata, duk gidan suka hau soro tun kafin rana ta faɗi. Sai ga hadari ya taso daga kudu, baƙi ƙirin, ya shimfiɗe a daidai inda wata zai fito. Suka tsaya har ruwa ya fara dukansu. Mzee Shee ya goge fuska da gefen rawaninsa.

“Ba mu gani ba,” ya ce. “Gobe sai mu cika talatin.”

Aka sauko, aka yi sahur da sauran shinkafa, aka ɗaura niyya.

Da safe jirgin masu kyamara bai zo a lokacinsa ba. Somoe tana shara a tsakar gida, inuwar bangon masallaci ta janye sosai, sannan ta ji ƙarar inji. Na farko da ya shigo shi ne Famau. Shi wannan Famau ɗan garinsu ne, ɗan ƙawarta marigayiya Mwanahawa, magidanci mai furfura a gemu da tabon salla a goshi. Ita ta yi wa uwarsa wankan jego. Duk tsawon watan tana kallon leɓensa a bushe, yana yawo da kyamara a kafaɗa cikin rana, bai taɓa kai ko ɗigon ruwa baki ba.

Ya wuce ta gabanta, sai ƙamshin turaren wuta ya biyo shi. Ta tsaya da tsintsiya a hannu. An yi masa aski sabo. Akwai kwalli a idonsa. A ƙarƙashin rigar aikinsu mai aljihuna, wuyan wata farar riga ya leƙo, da aikin zare sabo fil. Na biyunsa, Kupi, yana biye yana lasar haƙori kamar wanda alewa ta maƙale masa.

Ta ci gaba da shara, amma fa sharar ta bi bayan Famau. Da ta kai lungun rijiya ta leƙa, ta gan shi ya juya wa gida baya, ya ɗaga gorar roba, maƙogwaronsa na hawa yana sauka.

Ta shiga madafa da sauri.

“Bi Esha. Bi Esha! Yau Salla ce.”

Bi Esha tana tsintar shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. “Yunwa ce ta fara taɓa miki kai tun da safe?”

“Famau ya sha ruwa. Da idona.”

“To sai me? Wataƙila ciwon suga ya kama shi.”

“Ciwon suga da kwalli? Ciwon suga da turaren wuta? Ki je ki shinshina shi, kamar ango.”

“Ni ban shinshinar 'ya'yan mutane.” Bi Esha ta ajiye faifan, ta rage murya, ta ɗora tafin hannu a kan makirfon da ke ƙirjinta. “Somoe, ki ji ni. Ba ki ga komai ba. Bango kika gani. Saura ƙiris a gama, kujera na hannunki. Sau ɗaya a rayuwarki ki haɗiye labari, ba zai kashe ki ba.”

“Azumi ranar Idi haramun ne.”

“Shan ruwa a Ramadan fa, halak ne? In kin sha ya zamana yaron ba shi da lafiya ne, wa zai ɗaukar miki?”

Somoe ta san gaskiya ne. Da ta tabbata, da sai ta ɗebi ruwa a ɓoye ta sha, ba wanda zai ce ta taka doka. Amma ba ta tabbata ba. Kwalli ba shaida ba ne. Ta tsaya tsakanin laifi biyu, ba ta san wanne ne a gabanta ba.

Ta sami Mzee Shee a inuwar masallaci yana gyaran igiyar guga. Ta gaishe shi, ta tsuguna nesa kaɗan, ta zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, hannunsa bai bar igiyar ba. Kyamarar Kupi tana kansu.

“Kakanninmu a tsibiran nan,” in ji shi a hankali, “sau nawa suka yi azumi alhali Mombasa na cin Salla? Labari bai iso su ba. Kina zaton Allah ya ƙi karɓa?”

“Ya karɓa, Mzee. Su ba su ga Famau ba.”

“Abin da kike da shi zato ne. Ba a karya azumi da zato.”

“To yaya zan yi in fita daga zato?”

Mzee Shee ya ƙulla igiyar, ya kwance, ya sake ƙullawa.

Somoe ta ce, “Kakata ta gaya mini, in aka kwana da hadari irin na jiya, da safe maza bakin ruwa suke zuwa. Jirgin da ya fara isowa, kafin ya ɗaure igiya an tambayi mutanen ciki. Ko ƙarya ta yi mini?”

“Ba ta yi ƙarya ba. Haka ake yi.”

“Ga jirgi can a ɗaure.”

“Wannan jirgin babu shi, Bi Somoe.”

“Na ji ƙarar injinsa.”

Tsohon ya ɗago ya dube ta. Ba fushi a idonsa. Abin da ta gani ya fi fushi nauyi, domin irin abin da ke cikin nata idon ne: tsoho mai rawar hannu da ya karantar da babin aikin hajji har ya haddace, yana gaya wa yara yadda ake jifa da yadda ake safa da marwa, shi bai taɓa takawa ba.

“Ni ban ga komai ba,” ya ce. “Ban kuma ji ƙamshin komai ba, hancina ya daɗe da mutuwa. Abin da na sani, jiya ba mu ga wata ba.”

Ta koma bakin rijiya ta zauna a kan dutse. Rana ta fara zafi. Ta ce wa kanta, ai malam ya yi magana, nauyi ya koma wuyansa. Ta ce wa kanta, wa zai zarge ta? Dokar addini ta ce a cika talatin, dokar shiri ta ce a yi shiru, sau ɗaya dokokin biyu sun zo daidai, ita ce za ta raba su? Ta rufe ido ta ga kanta cikin farin mayafi, tana zagaya Ɗakin, tana kiran sunan Bwana Madi da na kakarta. Hoton ya yi kyau. Sai dai ko ta ina ta zagayo, ƙamshin turaren Famau na nan yana binta.

Abin da ya tsaya mata shi ne wannan. Kakanni sun yi azumin kuskure da zuciya ɗaya, don sun je bakin ruwa ba su sami kowa ba. Ita kuwa ga amsar na yawo a tsakar gida da ƙafa biyu. In ta yi shiru, ba rashin sani ba ne, ƙin tambaya ne. To za ta sayi hanyar zuwa Ɗakin Allah da ƙin tambaya, ta je ta tsaya a gabansa ta ce me? Shi da ya riga kyamara gani?

Ta kuma yi wani tunanin, don Somoe ba ta yi wa kanta ƙarya ko da tana ƙara wa labarin wasu gishiri. Anya tsoron Allah ne ke cin ta, ko kuwa tsohon ƙaiƙayin nan ne, na mace da ta tsinci labari mafi girma a tsibiri aka ce ta zauna a kansa? Ta juya abin, ta juya, ta kasa raba su. Sun cakuɗe kamar ruwan kwakwa da shinkafa.

Ta tashi. Ta kwance baƙin zanenta ta sake ɗaurawa da kyau, ta gyara lulluɓi. Famau yana tsakiyar gida yana ɗaukar wasu mata biyu da ke daka. Ta je ta tsaya a gabansa sosai, har kyamarar ba ta ganin komai sai fuskarta. Daka ya tsaya.

“Salamu alaikum, mutumin jirgi.”

Daga ƙofar madafa Bi Esha ta ce, “Somoe! Ke Somoe!”

Famau bai motsa ba. Wata 'yar murya tana ƙara a cikin abin da ke kunnensa.

“Famau ɗan Mwanahawa, ni na fara yi maka wanka a duniya. Na haɗa ka da Allah, a inda ka fito an ga wata?”

Sannan ya sauke kyamarar daga kafaɗa, a hankali, kamar mai sauke jariri, ya ciro abin kunnen ya bar shi yana lilo.

“Wa alaikumus salam, Shangazi,” ya ce, wato goggo, yadda yake kiranta tun yana yaro. “An gani. An gani a Malindi, an gani a Mombasa, an yi sanarwa tun jiya. Da safen nan muka sauko daga Idi. Barka da Salla.”

Kowa ya juya wajen Mzee Shee, wanda ya taso daga masallaci da igiyarsa a hannu. Tsohon ya tsaya yana kallon ƙasa.

“Shiga azumi, shaidar mutum ɗaya ta isa,” ya ce. “Fita daga azumi sai biyu. Haka yake a littafi, ba ni na ƙirƙira ba. Wanda ya gaskata shi a zuciyarsa, ya sha ruwa, wannan tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma gida ba zai yi Salla da bakin mutum ɗaya ba.”

“Ga Kupi can,” in ji Somoe. “Shi ma jirgin ne ya kawo shi.”

Kupi yana tsaye da tasa kyamarar, ya daina lasar haƙori. Mutum goma sha wani abu a tsakar gidan nan, duk masu baki, duk masu salla. Tambaya ɗaya ce, kalma uku. Iska ta kaɗa ganyen kwakwa. Wani ya yi gyaran murya, aka zata shi ne, ashe tari ne. Mzee Shee ya buɗe baki, ya dubi Kupi, ya dubi igiyar hannunsa, ya rufe.

Somoe ba ta ce musu komai ba, abin da ya ba kowa mamaki. Ta je rijiya ta jefa guga, ta jawo, ta yi bisimilla ta sha da tafin hannu. Ruwan na da ɗan gishiri-gishiri kamar kullum.

Madam Nekesa ta same ta a can. Ba ta zo da faɗa ba. Ta tsuguna kusa da ita, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba.

“Mama, na so ki kai ƙarshe. Wallahi na so.”

“To ki bar ni mana, 'yata. Abin da kakanni ke yi na yi. Ba shi kuka ce mu yi ba?”

“Shi ne. Kin ma fi mu sanin yadda suke yi. Amma in na bar ki, me zan gaya wa malamin ƙwallo?”

Somoe ta yi dariya, hawaye na zuba. “Ki gaya masa wanda ya ci, baiwar Allah. Har yau yana nan bai sani ba.” Ta share ido. “Famau fa? Kada ki taɓa abincin yaron nan. Ni na haɗa shi da Allah.”

“Zai sha faɗa. Ba zai wuce faɗa ba.”

A cikin jirgi aka miƙo mata wayarta a leda. Ba ta kunna ba. Ta zauna tana kallon tsibirin yana ƙanƙancewa, da ɗan farin masallacin, da hayaƙin madafar da ta saba. Ta jira ta ji sanyin da ake cewa mai gaskiya yana ji a ƙirji. Bai zo ba. Abin da ta ji kawai gwiwoyinta ne, da yunwa.

Ta sauka a Lamu bayan azahar, ba takalmi, cikin baƙin zanen mutanen da, a tsakiyar yara masu sababbin kaya da jakuna da aka yi wa ado. Sallar Idi ta wuce ta, kujera ta wuce ta. Matan unguwa suka yi mata caa, kowa na son jin abin da ya faru. Ta ce ta gaji. Kwana biyu ba a ji bakinta ba, har maƙwabta suka fara tunanin kiran mai magani. A na uku ta hura wuta ta ɗora kasko, ta rama duk bashin shirun da ta yi.

Bayan wasu watanni aka fara nuna shirin. Ranar da aka zo kan labarin Salla, ɗakin maƙwabciyarta mai babbar talabijin ya cika har taga. Aka ga Somoe ta tsaya gaban kyamara, hancinta ya cika allo, mata suka yi shewa. Aka ga jirgi ya tafi da ita. Daga nan ne aka nuna abin da ita kanta ba ta sani ba.

Kyamara ta bi Bi Esha zuwa madafa. Bi Esha ta waiga dama, ta waiga hagu, ta ɗebi ruwa cike da ludayi ta shanye, ta ƙara. Ta buɗe tukunya ta ci sauran shinkafar sahur a tsaye. Wata yarinyar gidan ta shigo ta kama ta da loma a baki.

“Bi Esha, ba kya azumi?”

Bi Esha ta haɗiye, ta gyara zane, ta ce, “Uzurin mata.”

Ɗakin ya fashe. Wata ta faɗo daga kan kujera. Bi Esha da ta aurar da jika! Somoe kaɗai ce ba ta yi dariya da farko ba. Ta lissafa abin a ranta: matar nan ta gaskata Famau, ta sha ruwanta da hujja, ba ta yi azumin haram ba, ba ta yi wa bango magana ba, kujerarta na nan. Tambayar da Somoe ta biya, Esha ta sha a kyauta. Sai dariyar ta zo mata daga baya, mai ɗaci-ɗaci, har ta riƙe gwiwa.

Mzee Shee kuwa ya kai azuminsa har faɗuwar rana. An nuna shi zaune a masallaci shi kaɗai, Alƙur'ani a buɗe a gabansa, ba ya juya shafi. Da magariba sama ta washe, wata ya fito can sama, mai kauri, wanda ko yaro ya san ba na daren farko ba ne. Tsohon ya daɗe yana kallonsa da dabino a hannu bai kai baki ba. Wata daga cikin matan ɗakin ta fara cewa, ai malam ya ji kunya, Somoe ta ce mata ta rufe baki, mutumin da ya koya wa 'ya'yanki Fatiha. Har yau in an tambaye ta ko ya yi daidai, sai ta ce littafi na bayansa, ita kuma ba ta iya karanta littafin ba. Ita da ba ta rasa abin faɗa a kan kowa, a kan wannan tsohon iyakarta ke nan.

Da shekara ta zagayo, Somoe ta raka Mzee Shee da Bi Esha da sauran waɗanda suka ci kujera bakin jirgi kamar yadda ta saba. Ta riƙe wa Mzee Shee jaka. Bai iya haɗa ido da ita ba, sai da za a tashi ya ce, “Bi Somoe, me zan roƙa miki?” Ta ce ya roƙa mata gwiwa.

Ranar da alhazai suka dawo ba ta je tarya ba, ta ce kasko na wuta. Washegari da hantsi sai ga Bi Esha cikin farin mayafi, da sabon haƙorin zinariya, tana tafe kamar jirgi ya cika iska. Ta tsaya gaban kaskon, ta ciro wata 'yar gora daga cikin mayafi ta ajiye a kan benci.

“Zamzam ne. Ban ba kowa ba tukuna, ko jikokina.”

Somoe ta juya mahamri a cikin mai, ba ta dubi gorar ba. “Sannu da zuwa, Hajiya mai uzuri.”

“Na kira sunanki a gaban Ɗakin. Da na babanki, da na Madi.”

“Kin gaya wa Allah ruwan da kika sha ran nan da bakina kika sha shi?”

“Ya sani,” in ji Bi Esha. “Duk Kenya ma ta sani.” Ta murza bakin mayafinta. “Da ba ki tambaya ba, Somoe, da ni ban tambaya ba. Wannan ma na faɗa a can.”

Somoe ta kwashe mahamrin ta zuba a kwando. Ta goge hannu a zane, ta ɗauki gorar, ta dafa benci ta miƙe da ƙyar. Ta juya arewa ta fuskanci alƙibla, ta yi bisimilla, ta sha a tsaye, kurɓi uku. Ta daɗe da gorar a hannu, idonta a kan rufin gidajen da ke tsakaninta da teku.

Sannan ta rufe gorar ta cusa a ƙugu, ta jawo benci da ƙafa.

“To zauna, kin tsaya mini a ka kamar bango. Fara daga jirgin sama. Wa ya yi amai, wa ya ɓata a Mina, kuma matar Bwana Lali da gaske ne ta yi dambe a wurin jifa?”